Tambayoyinku kan karatun digiri na farko a Amurka

A wannan fitowar mun tattaro tambayoyin da masu karatu suka aiko kan tsarin digiri na farko a Amurka. Waɗanda suka yi kama da juna mun haɗa su wuri guda.

Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Amurka, amma sunan makarantar kwaleji ne. Mahaifinmu ya ce shi jami'a ya sani, ba zai zuba kuɗinsa a difloma ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar wa Baba da hankali. A Amurka kwaleji ba ƙasa take da jami'a ba. Duk wanda ke karatun digiri na farko cewa yake yana kwaleji, ko da a babbar jami'a yake. Bambancin da aka fi gani shi ne, jami'a tana da digiri na biyu da na uku da cibiyoyin bincike, kwaleji kuwa galibi ta tsaya ne a digiri na farko. Amherst da Williams kwalejoji ne, kuma shigarsu ta fi ta jami'o'i da yawa wuya. Dartmouth ma kwaleji take kiran kanta.

Abin da za ku bincika shi ne ko ta shekara huɗu ce ko ta biyu. Akwai kwalejojin al'umma masu shekara biyu, waɗanda ke ba da ƙaramar shaida bayan kiredit 60 (ma'aunin nauyin karatu) ko kusa da haka, daga nan ɗalibi ya koma jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. Hanya ce mai kyau kuma mai rangwame, sai dai tana da rami: ba kowane kwas ne jami'a za ta karɓa ba, kuma yawanci ba a karɓar wanda aka ci ƙasa da C. Jihar Kalifoniya tana da shafin ASSIST, inda ake ganin kwas ɗin da kowace jami'ar gwamnatin jihar ke karɓa daga kowace kwaleji. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar da abu biyu: wata hukumar tantance makarantu da aka amince da ita ta tantance makarantar, kuma tana da izinin ɗaukar ɗaliban waje daga SEVP, shirin gwamnatin Amurka mai kula da su. In babu na biyun, ba za ta iya ba shi takardar I-20 ba, wato shaidar gurbin da ake neman bizar karatu da ita, in babu I-20 kuwa babu biza.

Ina yawan jin ana cewa kiredit. Shin shekara ake ƙirgawa ko kiredit kafin a ba mutum digiri?

Kiredit ake ƙirgawa, kuma wanda ya gane wannan ya gane rabin tsarin. A yawancin makarantu digiri na farko kiredit 120 ne. Shekarar karatu zango biyu ce: na farko daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa Mayu, kowanne kimanin mako 15. Kwas guda yawanci kiredit 3 ne, mai ɗakin gwaje-gwaje kuma 4. In ka ɗauki kwas biyar a zango ka samu 15, a shekara 30, a shekara huɗu 120. Daga nan ne shekara huɗun ta fito. Wasu makarantu suna raba shekara zuwa gajerun zanguna na mako 10, a can adadin ya kan zama 180, amma nauyin ɗaya ne.

Kiredit ɗaya yana nufin kusan awa ɗaya a aji kowane mako, da awa biyu na karatu kai kaɗai. Ke nan mai kiredit 15 awa 45 ake sa ran ya ba karatu a mako. Sabon ɗalibi zai duba jadawalinsa ya ga ranar Juma'a darasi ɗaya kawai gare shi, ya ɗauka hutu ne. Ba hutu ba ne, bashi ne ke jiransa.

Kiredit 120 ɗin kashi uku ne. Akwai ilimin bai ɗaya da kowa sai ya yi, irin su rubutun Ingilishi, lissafi, kimiyya da tarihi, ko da injiniya mutum zai zama. Akwai babban fanni, wato abin da za a rubuta a shaidarka. Sauran kuma zaɓinka ne, kana iya tara su su zama ƙaramin fanni. A makarantu da yawa ba a tilasta maka bayyana babban fanninka sai ƙarshen shekara ta biyu, kuma ana iya sauyawa. Amma injiniyanci da aikin jinya, da kimiyyar kwamfuta a wasu jami'o'in, tun a takardar neman shiga ake zaɓarsu, kuma shiga daga baya sai an sha wuya.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne kwasa-kwasan da ke sarƙe da juna. Ba za a bari ka yi kwas ɗin lissafi na Kalkulas na biyu ba sai ka ci na farko, wasu kwasa-kwasan injiniyanci kuma ba sa buɗuwa sai ka ci na biyun. In ka faɗi ɗaya a ƙasan sarƙar, kuma aka yi rashin sa'a wanda ke biye da shi sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, to shekara guda ta tafi. Babu wanda zai tsara maka jadawali ya liƙa a allo. Kai za ka shiga intanet ka yi rajista, kujeru kuma suna cika. Saboda haka ka zauna da malamin da aka ba ka mai ba da shawara tun zangon farko, ku zana shekara huɗun a takarda ɗaya.

'Yata tana son ta karanta likitanci a Amurka da zarar ta gama sakandare. Wace jami'a ce ta fi?

Hajiya, a can ba a shiga likitanci kai tsaye daga sakandare, in ban da wasu 'yan tsirarun shirye-shirye na haɗaka masu wuyar samu. Sai ta gama digiri na farko a kowane fanni, a ciki ta yi kwasa-kwasan da makarantun likitanci ke nema, wato bayoloji, kemistiri, fiziks da makamantansu, ta zauna jarrabawar shiga likitanci ta MCAT, sannan ta nemi makarantar likitanci ta ƙara shekara huɗu. Lauya ma haka ne: digiri na farko, sai shekara uku a makarantar shari'a. Gaskiya ɗaya ce, makarantun likitancin da ke ɗaukar ɗaliban waje ba su da yawa, wasunsu kuma sai sun ga shaidar kuɗin shekarun karatun tun kafin a fara. In likitanci ne kaɗai burinta, ku auna wannan da ƙasashen da ake shiga kai tsaye.

Ina zangona na farko, kuma wani kwas ya fi ƙarfina. Abokina ya ce in daina zuwa kawai, in sake shi baɗi. In bi shawararsa?

Kul, ɗan'uwa! Daina zuwa aji ba janyewa ba ne. Sunanka yana nan a rajista, kuma a ƙarshen zango F za ka gani.

Bari mu yi lissafin a fili. A tana da maki 4, B 3, C 2, D 1, F kuwa sifili. Ana ninka makin da kiredit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar kiredit, abin da ya fito shi ne GPA. A ce kiredit 16 ka ɗauka. Ka ci A a kwas mai kiredit 3, ka samu 12. B biyu a kwasa-kwasai masu kiredit 3, 18 ke nan. C a mai kiredit 4, 8. Jimla 38. In na biyar ɗin mai kiredit 3 ya zama F, za a raba 38 da 16, ya ba ka 2.38. In kuwa ka janye a hukumance kafin wa'adi, harafin W za a rubuta, ba ya shiga lissafi, sai a raba 38 da 13, ya ba ka 2.92. Takarda ɗaya ce tsakanin lambobin nan biyu. Wanda GPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da 2.0 ana sa shi a matakin gargaɗi, in bai farfaɗo ba a dakatar da shi. Tallafin karatu ma sau da yawa yana da nasa sharaɗin, wasu 3.0 suke nema.

Amma kai ɗalibin waje ne, akwai lamba ta biyu a kanka. Mai bizar karatu ta F-1 dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zango, kuma a cikin 12 ɗin kwas ɗaya kacal na intanet, mai kiredit 3, ake ƙirgawa. A misalinmu ka sauko 13, kana cikin doka. Da 15 ka ɗauka ka janye daga mai kiredit 4, ka koma 11, kuma izinin zamanka ya shiga haɗari. Don haka kafin ka taɓa komai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka ga jami'in da ake kira DSO. Shi ke da ikon amincewa da rage kwas saboda rashin lafiya ko wahalar farkon zuwa, amma kafin a rage, ba bayan an rage ba.

Ranaku biyu za ka nemo a kalandar makaranta. Ta farko tana cikin mako na ɗaya ko na biyu, lokacin da ake sauke kwas ba tare da ya bar ko tabo ba. Ta biyu ita ce ranar ƙarshe ta samun W, yawanci bayan tsakiyar zango. Sannan ka sake karanta takardar tsarin kwas da malami ya raba a ranar farko. A ciki yake rubuta yadda ya kasa maki tsakanin aikin gida, gwaje-gwaje, magana a aji da jarrabawar ƙarshe, wadda sau da yawa ba ta kai rabin makin ba. Mai yiwuwa ma abin bai lalace kamar yadda kake zato ba. A takardar akwai sa'o'in da malamin ke zama a ofis musamman don ɗalibai. Ɗalibanmu da yawa kunya ke hana su zuwa, suna ganin kamar raini ne ko damun babba. A wurin malamin kuwa wanda ya zo shi ne mai himma.

Abu ɗaya da ba a yafewa shi ne kwafe. Ɗauko jimlar wani ba tare da faɗin mai ita ba, ko haɗa kai a aikin da aka ce kowa ya yi nasa, yana iya jawo sifili ko F, in aka maimaita har kora.

Nawa ne kuɗin, kuma da gaske ne akwai karatu kyauta?

Jami'o'in gwamnatin jihohi farashi biyu gare su, na 'yan jiha da na baƙi, kuma ɗalibin waje na baƙi yake biya, wanda ya kan ninka na 'yan jiha sau biyu ko uku. Manyan masu zaman kansu kuwa, in an haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, sun haura dala 80,000 a shekara. Tallafin gwamnatin tarayya, wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA, ba na ɗaliban waje ba ne. Abin da ya rage shi ne tallafin makarantar kanta, wanda da yawa ke nema ta fom ɗin CSS Profile. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst suna cikin 'yan kaɗan da ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, kuma suna cike giɓin da iyayensa ba za su iya ba. Sai dai masu nema dubbai ne, kujeru kaɗan. A yawancin sauran makarantu, neman tallafi mai yawa yana rage damar samun gurbi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Neman gurbi da wuri ya kan rufe 1 ko 15 ga Nuwamba, kuma akwai nau'insa da ke ɗaure ka: in an ɗauke ka dole ka je. Na gama-gari ya kan rufe a farkon Janairu, amsa ta fito wajen ƙarshen Maris, kai kuma ka tabbatar da zaɓinka kafin 1 ga Mayu. Makaranta ba za ta fitar da I-20 ba sai ta ga shaidar kuɗin shekarar farko, bayan haka akwai dala 350 na SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗaliban waje, da kuɗin neman biza. Dokokin biza kan canja, har ga ƙasa da ƙasa, don haka a duba shafin ofishin jakadancin Amurka kafin a biya kuɗin kama kujera. Cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka ne, kuma suna ba da shawara ba tare da cin riba irin ta dillalai ba.

Ni nake biyan kuɗin makarantar ɗana, amma na rubuta musu su turo mini sakamakonsa sun ƙi. Wannan wane irin rashin ta-ido ne?

Alhaji, a yi haƙuri, doka ce ta ɗaure su. Dokar FERPA ta 1974 ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga kwaleji, ko wane ne ke biya. Maganin yana da sauƙi: yaron ya cike fom ɗin amincewa a ofishin rajista ya sa sunanka.

Zan iya yin aiki in biya wa kaina kuɗin makaranta?

A'a, ba zai isa ba. Mai F-1 yana da izinin aiki a cikin harabar makaranta awa 20 a mako lokacin karatu, ya yi cikakken lokaci a hutu. Abin da za a samu na sabulu da katin waya ne da ɗan cefane. Aiki a waje sai da izini a rubuce. Akwai CPT, na horon da ke cikin manhajar karatunka, yawanci bayan ka cika shekara guda. Akwai OPT na wata 12, wanda aka fi amfani da shi bayan kammalawa, masu fannin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi kuma suna iya ƙara wata 24. Ka lura, wanda ya yi wata 12 cur na CPT a cikakken lokaci ya rasa OPT. Tuƙa mota a Uber ko tsaron shago a biya ka a hannu, duk aiki ne ba bisa izini ba, kuma in ya fito fili DSO ba shi da zaɓi sai ya rufe rajistarka a SEVIS.