Fatawa: Hutun Zamiyar Ƙanƙara a Ƙauyen Zermatt

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina aiki a Geneva ta ƙasar Suwizalan. Abokan aikina sun kama gidan katako a ƙauyen Zermatt, za mu yi mako guda a watan Janairu muna wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ina son tafiya da maiɗakina. Yawancinsu ba Musulmi ba ne. Shin tafiyar ta halatta? Yaya zan yi da salla da abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, fita shan iska da kallon halittar Allah halal ne a asalinsa, zamiya kuma motsa jiki ce kamar sukuwa. Sharaɗinta kada ka jefa kanka ga halaka, kamar yadda aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana. Tsaunin Matterhorn da ke tsaye a kan ƙauyen, mai tsawon mita 4,478, ranar da aka fara hawansa a 1865 mutum huɗu cikin bakwai ne suka mutu wajen saukowa. Ka tsaya a hanyoyin da aka shata, ka fara da masu shuɗiyar alama na 'yan koyo, ka sa hular kwano. Barin hanya ranar da aka yi gargaɗin zaftarewar ƙanƙara ganganci ne, ba tawakkali ba. Kuma garin akwai tsada; kada ka ci bashi don nishaɗi.

Salla ce wurin da ya fi bukatar shiri. Nisan Geneva zuwa Zermatt ya wuce mil 48 na kasaru. Sai dai malamanmu Malikiyya sun karhanta kasaru ga wanda ya fita don wasa zalla, wasu mazhabobin kuma sun yarda da ita a kowace tafiya ta halal. Saɓanin a hanya kawai zai shafe ka, domin da ka shiga ƙauyen da niyyar kwana huɗu cikakku ka zama mazauni, sai ka cika salla. Juma'a kuma, idan babu masallacin da ake yin ta a cikin kimanin mil 3, ka sallaci Azahar.

Ranar hunturu a can gajera ce. Azahar na shiga wajen ƙarfe 12:40, kafin 5:30 rana ta faɗi, wato Azahar da La'asar duka a kan dutse za su same ka. Mazauni ba ya haɗa salloli saboda wasa. Abin da zai fisshe ka shi ne ka jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta, kana sallamewa La'asar ta shiga ka tashi ka yi ta. Kowacce ta faɗo a lokacinta, tsayawa ɗaya ta ishe ka.

Ka yi alwala a gida kafin ka fita. Idan ta karye, gidajen abinci na kan dutsen suna da ruwa, kuma ƙanƙarar da ta narke ruwa ne mai tsarkakewa. Kada ka kafa hujja da Amru ɗan Asi, wanda ya yi taimama saboda sanyi a yaƙin Zatus Salasil Annabi (SAW) bai hana shi ba: shi ya ji tsoron halaka ne, kai kuwa ga famfon ruwan zafi kusa da kai. Shaihu Halilu, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya ambaci taimama a kan ƙanƙara, amma wannan ga wanda larura ta kama ne. Takalmin zamiya na roba ne mai tauri, a mazhabarmu ba huffi ba ne, don huffi sai na fata. Hambaliyya sun halatta shafa a kan safa mai kauri da aka sa da alwala, yini da dare ga mazauni, kuma ina ganin ka ɗauki wannan sauƙin idan wanke ƙafa ya yi maka wuya. Takalmin ba ya barin idon sawu ya lanƙwashe, zaman tahiya ba zai yiwu da shi ba, saboda haka ka cire shi, ka ɗage hular da tabarau goshinka ya taɓa ƙasa.

Ni abin da na fi ji maka tsoro ba dutsen ba ne, teburin dare ne. Al'adar wurin, ana saukowa sai a zarce mashaya. Annabi (SAW) ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Ka faɗa wa abokanka tun kafin a tashi, da fara'a, kada sai an zuba kofuna ka fara kame-kame. Ka kula da fondue, cukun nan da ake narkawa a tukunya kowa na tsoma gutsuren burodi: da farar giya ake haɗa shi, wani lokacin a ƙara barasar kirsch. Cewa wuta ta ƙone giyar ba hujja ba ce, tunda mazhabobi huɗu najasa suka ɗauke ta, ta kuma cakuɗe da abincin. Raclette, wanda asalinsa na wannan yanki ne na Valais, cuku ne da dankali kawai, ka ci, amma ka ce kada a jera maka busasshen naman da ake rakiyarsa da shi, galibi akwai alade. Cukun kansa ba laifi. Abu Dawuda ya ruwaito an kawo wa Annabi (SAW) cuku a Tabuka, ya sa aka kawo wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka. Nama kuwa, tun 1893 ƙasar ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka ka taho da na halal daga Geneva ko ka tsaya ga kifi da ƙwai.

In ka tarar da gicciye a bangon ɗakinku, kada ka lalata kayan mutane. Ka roƙi mai gida ya cire, ko ka rufe shi da mayafi, sallarka ta inganta. Ɗakunan gumi (sauna, inda ake shiga zafi a yi gumi) na wannan yanki sau da yawa maza da mata ne tare ba tufafi. Haramun ne shigarsu.

Maiɗakinka ta tafi, tunda tana tare da mijinta, da sharaɗin ku samu ɗakinku da makewayinku daban, kayan sanyinta kuma su zama masu yalwa. Idan tana sa niƙabi, ku sani daga 1 ga Janairun 2025 dokar ƙasar ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tararta na iya kaiwa faran 1,000 na kuɗin Suwizalan, duk da an togace rufewa saboda sanyi. Ku yi shawara a kan wannan kafin ku biya kuɗin gida.

Allah ne Mafi sani.