Faifan garmaho mai hoton kare: kamfaninsa da yadda ake saurarensa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tarar da fayafayan garmaho a akwatin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, wasu da hoton kare ya kasa kunne a bakin ƙaho, kana son sanin kamfanin da yadda za ka ji abin da ke ciki.

Tambarin His Master's Voice ne, wato HMV, na Gramophone Company da aka kafa a Landan a 1898. Sun sayi zanen a hannun Francis Barraud a 1899, sunan karen Nipper, amma sai 1909 ya hau takardar tsakiyar fayafayansu. A 1931 suka haɗe da Columbia ta Ingila aka samu EMI, wadda Universal ta saye ɓangaren fayafayanta a 2012. In ka ga Victor ko RCA Victor kusa da karen, to na Amurka ne. Ka kuma duba ko akwai mai suna Zonophone, don tun wajen 1927 Gramophone Company ta fara naɗar waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan da wannan suna, har da na Hausa. In ka dace da irinsa, ka riƙe shi gam.

Sai dai hoton kare ba zai gaya maka irin faifan ba, kuma nan ne ake yin ɓarna. Kamfanin ya buga iri uku.

Na farko shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya. Yawanci faɗinsa inci 10 ne, kowane gefe waƙa ɗaya ta kamar minti uku. Da shalak ake yin sa, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a cakuɗa da garin dutse. Yana da nauyi, ba ya lanƙwasa, in ya faɗi sai ya tarwatse kamar tangaran. Na biyu LP ne, wanda Columbia ta Amurka ta fito da shi a 1948: roba ce, inci 12, juyi 33 da sulusi, minti ashirin da wani abu kowane gefe. Sai ƙarami mai inci 7 da juyi 45, na RCA Victor a 1949. Ka ɗan ƙwanƙwasa gefen faifan da farce. Shalak zai yi ƙara ƙal-ƙal, roba kuwa ba ta amsawa sosai.

Kada ka kuskura ka ɗora na roba a tsohon garmaho mai ƙaho ko na akwati da ake wanawa da hannu. Kansa yana danna faifai da nauyin da ya haura giram 100, allurarsa kuma ƙarfe ce, sauraro ɗaya ya isa ta kankare tsagar da sautin ke ciki. Na'urar zamani giram biyu ko kusa da haka take dannawa. Ko a kan shalak ɗin ma, allurar ƙarfe gefe ɗaya take yi a jefar. Da gangan aka yi ta haka, ita ta cinye a bar faifan. Masu maimaita ta su ne suka mayar da fayafayai da yawa fari-fari, sai shuuu kake ji.

Akasin haka ma matsala ce. Tsagar 78 ta ninka ta LP faɗi kamar sau uku, don haka siririyar allurar LP sai ta nutse har ƙasa tana kwasar datti, ita ma ta lalace. Nemi na'ura mai gudun 78 da allurar da aka rubuta wa 78.

Wajen wanki, kada sifirit ya taɓa shalak, narkar da shi yake. Fara kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Sa ɗigo biyu na sabulun wanke kwano a kofin tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ruwan, ba asid ɗin ba), ka goge kana bin zagayen tsagar, ka ɗauraye, kada ruwa ya kai takardar tsakiya. Bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya.

Ajiya kuwa a tsaye, ba a jibge ba, kowanne cikin rigarsa ta takarda, nesa da kwanon rufi da taga. Zafin bazara yana lanƙwasa roba, wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara, rigunan take fara ci.

In akwai kaset a akwatin, wanda Philips ya fito da shi a 1963, duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren, don in ta faɗi sauti dishi-dishi zai fito. Juya shi da biro ya saki kafin ka sa a rikoda, kan rikodar da ke karanta zaren kuma shi ne wurin da sifirit ke da amfani, wajen goge shi.

Ranar da ka fara sauraro ka haɗa da kwamfuta ka naɗa gaba ɗaya. In na'urarka ba ta da 78, sa allurar 78 ɗin, ka naɗa a gudun 45, sannan ka ƙara saurin a manhajar Audacity, ninki 1.73, murya za ta koma daidai.