Failot na mutuwa da an saki maɓalli

Malam, ka ce failot ɗin tandun gidan burodinku a Sabon Gari, wato ƙaramar wutar da ke kunna babbar wutar tandun, yana mutuwa da ka saki maɓalli. Don Allah fara rufe gas, ka buɗe ƙofofi da tagogi iska ta kore wanda ya taru, gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sai ka buɗe gas ka kunna failot ɗin ka danne maɓallin kamar daƙiƙa 30 har tamokoful, wato ɗan ƙarfen da ke sa gas ya yanke in bai ji zafin wutar failot ba, ya yi zafi, kuma bakinsa ya shiga cikin harshen wutar sosai. In wutar rawaya ce tana lilo to iska ta yi kaɗan ko ƙurar hunturun nan ta toshe jet, wato ɗan ramin da gas ke fitowa, hure shi, kar ka sa allura. Buɗe mashigar iskar failot ɗin a hankali har ta koma shuɗiya. In ta sake mutuwa canza tamokoful, kar wani ya sa ka ɗaure maɓallin da waya wallahi.