Tambaya da Amsa: Hoton Tsuntsaye da Tsirrai a Kumasi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi kyamarar Nikon ta hannu, da lens mai milimita 70 zuwa 300. Na je gandun dajin Bobiri da na Owabi, amma hotunan da na ɗauko cikin kurmi duk sun yi dishi-dishi, tsuntsayen da ke can ƙololuwar itace kuma sun fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Ko lens ɗin ne ba shi da kyau? Daga mai karatu a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora wa lens laifi, matsalarka biyu ce kuma duk ta haske ce. A cikin kurmi ganye ya tare rana. Idonka yana gani sarai don ya saba da duhun, amma kyamara sai ta bar shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe ta daɗe kafin ta tara hasken da zai ishe ta. Idan ka bar ta a kan Auto, sau da yawa za ta zaɓi 1/60 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. A milimita 300 kuwa, ko numfashinka ya isa ya girgiza hoto, balle tsuntsu da ba ya zama wuri ɗaya.

Juya maɓallin sama zuwa S (a kyamarar Canon Tv aka rubuta), ka sa shota a 1/500 ga tsuntsun da ke zaune, 1/2000 ga mai tashi. A duhun kurmi kyamara da kanta za ta buɗe ƙofar haske iyakarta, wanda a irin lens ɗinka a milimita 300 bai wuce f/5.6 ko f/6.3 ba. Sauran aikin na ISO ne, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske. Lissafin ba wuya: duk ninkin ISO ɗaya yana ba ka ninkin saurin shota ɗaya. Inda ISO 400 ya ba ka 1/60, to 800 zai ba ka 1/125, 1600 ya ba ka 1/250, 3200 ya kai ka 1/500. Mutane da yawa suna tsoron 3200 saboda tsaki-tsakin da yake sa wa hoto. Da babu gara ba daɗi: tsaki-tsaki ana rage shi a kwamfuta, amma hoton da ya girgiza sai dai a goge shi. Ka manna gwiwar hannu a ƙirji ko ka jingina da itace, ka sa ɗigon saiti, wato alamar da ke nuna inda hoto zai fito tas, guda ɗaya tak a kan idon tsuntsun. In ka bar wa kyamara zaɓi, ganyen da ya fi kusa za ta kama. Kuma ka riƙa ɗauka uku ko biyar a jere, galibi na tsakiya ne ke fita tas.

Shi kuwa baƙin tsuntsu, farin sama ne ya ruɗi kyamara. Ta ga haske ya yi yawa sai ta rage, tsuntsun ya nutse. Nemi maɓalli mai alamar +/- ka ƙara zuwa +1, in gajimare ya yi fari fat har +2. Ga balbela ko farin zalɓe a bakin dam ɗin Owabi akasin haka za ka yi, ka rage zuwa -1, in ba haka ba gashin ya ƙone ya zama farin dunƙule babu zane. Sannan ka dubi agogo. A nan rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta miƙe tsaye da wuri, don haka daga shida zuwa tara ne lokacin tsuntsu, kuma ranar ta kasance a bayanka. Wanda ya tsaya jiran trotro (motar haya) ta cika har hantsi, bakin hanya da gefen fili ya kamata ya tsaya, can ne haske ke sauka.

TAMBAYA: Ni waya kawai gare ni. Duk tsuntsun da na ɗauka sai ya fito kamar ƙuda, in na jawo shi da yatsa kuma ya farfashe. Daga wata 'yar'uwa a Asawase.

AMSA: 'Yar'uwa, jan da kike yi da yatsa ba ya kawo tsuntsu kusa, yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Ki tsaya a kan lambobin da wayar ta zo da su, 1x ko 2x ko 3x, kada ki wuce. Dabara ta fi zum: ki ajiye kasko marar zurfi da ruwa kamar santimita 2 zuwa 3 kusa da wata bishiya a tsakar gida, ki sa dutse a ciki don su sami wurin tsayawa, ki riƙa sauya ruwan kullum saboda sauro. Bayan 'yan kwanaki kurciya da ƙananan tsuntsaye za su saba. Sai ki jingina wayar mita ɗaya daga kaskon, ki koma ɗaki ki riƙa latsawa da maɓallin ƙarar abin sauraro, ko ki bar bidiyo yana tafiya ki ciro hoto daga baya. Da rani, lokacin da ruwa ya yi wuya, abin ya fi ci.

Amma gaskiya inda waya ta fi ƙarfi shi ne abin da ke kusa: fure, ganye mai raɓa, ƙadangare, hawainiya. Lambun tsirrai na jami'ar KNUST ya ishe ki makaranta. Ki taɓa allon a daidai furen, ki riƙe har saitin ya kulle, ki ɗan ja hasken ƙasa, don jan fure da rawaya su ne suka fi saurin ƙonewa. Ranar da aka yi lumshi ta fi ranar da ake ƙwalla rana.

TAMBAYA: Na haska lens ɗina na ga wani abu a ciki kamar saƙar gizo. Na goge waje bai fita ba. Daga Alhaji a Tafo.

AMSA: Alhaji, sannu, wannan fumfuna ce, ciwon kayan hoto a ƙasar kurmi. Tana tsirowa inda laima ta haura kashi 70 cikin 100 ga duhu ga rashin iska, wato dai jakar kyamara da aka cusa cikin kabad da damina. Kumasi kuwa damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kada a kwance lens a gida, gilasan ciki jere suke bisa awo, in ɗaya ya goce saiti ya tafi ke nan. A kai wa mai gyara da wuri, domin in ta daɗe takan cinye shafen da ke kan gilashin, ko an wanke tabon ba ya fita. Kafin nan a ware shi daga sauran.

Rigakafin ba tsada. A sami robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, mai cin kamar lita 10, a zuba silika, 'yan ƙwayoyin nan masu shanye laima, gram 200 cikin safa mai tsabta, a haɗa da ƙaramin ma'aunin laima. Abin nema shi ne allura ta zauna tsakanin 40 da 50. 'Yan ƙullin da ke zuwa cikin kwalin takalmi ba su isa ba, sun riga sun ƙoshi da ruwa. A sayi mai sauya launi: shuɗiya takan koma ruwan hoda, mai ruwan lemo takan koma kore. In ta sauya, a baza ta a faranti a sa a tanda mai zafin digiri 100 zuwa 120 na awa ɗaya ko biyu, ta huce a rufe, a mayar. Wanda ya fito daga ɗaki ko mota mai na'urar sanyi, ya bar kyamara cikin leda a ɗaure na minti 20 kafin ya buɗe, don kada gumi ya kwanta a gilashi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: a fara hurewa da robar hura iska sannan a goge, kada a taɓa sa bakin riga, yashi ne ake murzawa a kai.

TAMBAYA: Yaya ake samun malam-buɗe-littafi ya tsaya? Daga ɗalibi a Sabon Zongo.

AMSA: Ɗana, ba a bin sa, wurin saukarsa ake tsarewa. Bobiri, kusa da Kubease a hanyar Akara, tana da kimanin iri 400. Da hantsi, in rana ta taɓa hanya, sukan taru kan danshin ƙasa suna tsotsar gishiri, wasu kuma ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro suke so. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka kula kada inuwarka ta faɗa masa, ita ce ke korar sa. Ka daidaita fuskar kyamara da shimfiɗar fiffiken, ka sa ƙofar haske a f/8, shota a 1/500, don saiti ya kama tun daga kai har gefen fiffike. In ya tashi kada ka motsa, yawanci yakan kewayo ya dawo wurin.