Idan girman Allah ya fi gaban bincike, yaya za a san shi?

Tambaya: Fasto, ina koyar da ajin matasa a cocinmu a Sabon Tasha. Wani yaro ya ƙure ni ranar Lahadi. Zabura 145:3 ta ce girman Ubangiji ya fi gaban bincike, amma Yohanna 17:3 ta ce rai madawwami shi ne a san Allah. A Fitowa 33 kuma, aya 11 ta ce Ubangiji ya yi magana da Musa fuska da fuska, aya 20 ta ce ba mai ganin fuskarsa ya rayu. Wanne zan gaya masa?

Amsa: 'Yar'uwa, yaron nan da natsuwa yake karatu, don Allah kada ki kwaɓe shi.

Mu fara da Musa. Ayoyi takwas ne kawai tsakanin maganganun biyu, don haka ba mantuwa marubucin ya yi ba. "Fuska da fuska" salon magana ne na Ibraniyanci, kuma ayar da kanta ta fassara shi: kamar yadda mutum yake magana da amininsa. Littafin Ƙidaya 12:8 ya ce "baki da baki", wato ba ta mafarki ba, ba a dunƙule ba. Kusanci ake nufi. A aya 18 wani abu dabam Musa ya roƙa, a nuna masa ɗaukakar Allah tsagwaronta. Nan aka hana shi. Aka ɓoye shi a tsagar dutse, Ubangiji ya rufe shi da hannunsa har ya wuce, bayansa kawai ya gani. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai: wanda ya fi kowa kusa shi ne mai roƙon ƙari.

Batun sani kuwa, mu ma a Hausa muna bambantawa. Akwai sanin shanu, akwai sanin zaman tare, akwai ƙure abu har ka ga iyakarsa. Irin sani na biyun Yohanna yake nufi, na ukun kuwa shi Zabura take hanawa. Yaron goye ya san uwarsa sarai, ko cikin duhu zai gane muryarta, alhali bai san komai na tarihinta ba. Bulus ma da gangan ya haɗa biyun a Afisawa 3:19, inda yake addu'a mu san ƙaunar Almasihu wadda ta fi gaban sani.

Lahadi mai zuwa ku karanta daga Fitowa 33:7 har 34:7 a zama ɗaya. Bari yaron ya gano da kansa cewa Musa gani ya roƙa, aka ba shi ji: Ubangiji ya wuce yana shelar sunansa, mai jinƙai, mai alheri, mai jinkirin fushi.