Amsa kan mutum-mutumin filasta da ba shi da tambari

Malama, na duba hotunan mutum-mutumin kyanwar da kika ce kin saya cikin kayan gwanjon Amurka, kina tambayar shekarunsa da ƙasar da aka yi shi, tunda babu tambari ko rubutu a jikinsa. Na daɗe ina tara irin waɗannan kaya, kuma a iya abin da na gani, ana iya kintatar shekarunsu, amma tabbatar da ƙasa abu ne mai wuya.

Ki fara kankarar ƙarƙashinsa da farce, inda fenti bai taɓa ba. Filasta, wato irin garin da ake silin POP da shi, farce yana cin ta har ta bar fari a yatsa, tangaran kuwa ba ya yin haka. Kada ki kai shi kusa da ruwa. Na taɓa goge mutum-mutumin wani ɗan kare da jiƙaƙƙen tsumma, ina ɗaga hannu sai na ga rabin fuskarsa a jikin tsumman. Buroshi mai laushi ya isa.

Fenti da nauyi su ne suka fi nuna zamani. Na ƙarni na 19 yawanci holoƙo ne, ba su da nauyi, fentinsu na hannu ne har ana ganin sawun buroshi, kuma da yawansu kwaikwayon tangaran ɗin Staffordshire na Ingila ne da aka yi wa waɗanda ba su da kuɗin sayen na ainihi. Daga wajen 1930 zuwa shekarun 1950 kuwa, an yi ta zuba wasu masu arha ana raba su a matsayin kyautar cin wasa a filayen bukukuwa na Amurka. Su fentin feshi ake yi musu, a barbaɗa ƙyalƙyali, sau da yawa ma a bar bayan ba fenti. Kyanwarki tana da jan da ya dusashe a gefen kunne ba tare da sawun buroshi ba, ga ragowar ƙyalƙyali a wuya, don haka cikin wannan rukuni na biyu nake sa ta.

Maganar ƙasa ce ke da sarƙaƙiya. Masu wannan sana'a da dama 'yan yankin Lucca ne na Italiya, waɗanda suka riƙa yin ƙaura da mazubansu, wato abin da ake zuba filasta a ciki ta ɗauki siffa, zuwa Faransa da Ingila da Amurka, har akwai gidan tarihin sana'ar a garin Coreglia Antelminelli. Saboda haka siffa ɗaya za a iya zuba ta a ƙasashe uku. Ban da haka, wani kan sayi mutum-mutumin wani ya ɗauki sabon mazubi a kansa, shi ya sa nake duba idanu da gashin baki, in sun dakushe to mai yiwuwa kwafi ne. Gaskiya ne dokar Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da aka shigo da su, sai dai sau da yawa takarda ake mannawa, ita kuma takan ɓamɓare. Ki haska ƙarƙashin da tocila daga gefe ki nemi shatin gam.

Hasashena a Amurka aka zuba ta, amma ba zan rantse ba sai kin turo hoton ƙarƙashinta da nauyinta. Kafin nan ki ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba, domin sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a kayan gida.