Zauren Likita: Sun mayar wa matata jinin da ya zuba a cikinta, yana da kyau kuwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Watan jiya aka yi wa iyalina tiyatar gaggawa, aka ce ciki ne ya zauna a bayan mahaifa ya fashe. An tura ni neman jini leda biyu, kafin in dawo da ƙanena har an gama aiki. Likitan ya ce jininta da ya taru a ciki suka kwasa suka tace suka mayar mata. Hajiyarmu ta ce wannan ai mataccen jini ne, zai dame ta nan gaba. Hankalina bai kwanta ba. Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa uwargida lafiya. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata jinin bai mutu ba.

Ni aikina sa barci ne a ɗakin tiyata, saboda haka ni ke tsaye a wajen kan mara lafiya ina duban bugun zuciya lokacin da ake irin wannan aiki. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki, suna yin kwana 120 a jikin mutum, kuma ba sa mutuwa don kawai sun fita daga jijiya sun kwanta a cikin ciki na 'yan sa'o'i. Dabarar ma ta tsufa. Tun 1914 wani likitan Jamus mai suna Thies ya yi ta a birnin Leipzig, kuma a kan irin lalurar iyalinka ya yi ta.

Hanya biyu ce. Inda ake da na'ura, irin Cell Saver da ta fito a shekarun 1970, ana zuƙo jinin da bututu yana gauraya da maganin hana daskarewa, sai na'urar ta juya shi da gudu har jajayen ƙwayoyin su ware, ta wanke su da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa. Dattin yana tafiya wata leda daban: ruwan jini, kitse, fasassun ƙwayoyi, da mafi yawan maganin. Abin da ya rage yana da kauri, PCV ɗinsa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, kan wuce kashi 50 cikin ɗari. Inda babu na'ura kuwa, wato yawancin asibitocinmu, da ɗan kwano ko ludayi da aka dafa ake kwasa, a tace ta cikin gos, wato ƙyallen ɗaure rauni, ninki-ninki, a zuba a ledar jini mai magani, a rataya. Na taɓa riƙe mazurari da hannuna ƙarfe biyun dare a wani babban asibiti da ba ko leda ɗaya a firij. Leɓen matar ya yi fari fat kamar takarda. Kafin leda ta biyu ta ƙare, na ji bugun jijiyarta ya dawo a ƙarƙashin yatsana.

Ta wani fannin ma jinin nan ya fi na banki. Nata ne, ba maganar rukuni bai dace ba, ba fargabar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani. Na banki yakan kwana har 35 a firij, kuma yana daɗewa yana rage kuzarin sakin iska, sai ya yini a jiki kafin ya farfaɗo. Wannan kuwa da ɗuminsa ya koma.

Amma kada in yi maka daɗin baki, ingancinsa yana hannun mai kwasa. Idan aka zuƙa da ƙarfi, ko aka bari bututu yana shan iska yana kumfa, ƙwayoyin fashewa suke yi, shi ya sa wasu ke yin fitsari ja kwana ɗaya ko biyu bayan aiki. Likita yana dubawa, yana ma shinshinawa: jinin da ya kwana fiye da ɗaya a ciki, ko ya yi wari, ko ya haɗu da mugunya ko abin cikin hanji, zubarwa ake yi. Wanda aka wanke kuma ba a ajiye shi sai gobe, cikin awa huɗu ake so ya koma jiki. Sannan ba ya ɗauke da sinadaran da ke sa jini ya daskare. Wanda ya zubar da jini mai yawa ƙwarai zai iya buƙatar na wani duk da haka, don haka zuwan ƙanenka bai zama asara ba, kuma ina fata an bar shi ya bayar ko don wata.

Masu sikila, wato SS, ba ma yi musu wannan, domin ƙwayoyinsu na lanƙwashewa idan iska ta yi ƙaranci. Aikin ciwon daji da tiyatar haihuwa kuma sai da abin tacewa na musamman da ƙarin lura.

Da jinin zai ba ta matsala, a kwanakin farko za a gani: zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, fitsari ya ragu, ko ido ya yi rawaya. Tunda wata ya zagayo ba ka ambaci ko ɗaya ba, wannan babin ya wuce. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ƙarancin jini. Ku koma a auna PCV, ta sha ƙwayar ƙarin jini wata uku ko da ta ji garau, a riƙa sa mata hanta da wake da zogale. Kuma duk ranar da ta ga ɓatan wata, kada ku jira, a yi hoton ciki tun sati shida a tabbatar ya zauna a mahaifa, domin wadda ta taɓa yin irin wannan ciki tana iya maimaitawa.